Rubutu Turken Hoto: Nazari a kan Zanen Kasuwar Filadalfiya na Krimmel

1. Gabatarwa

A gidan kallon kayan fasaha na birnin Filadalfiya, a ƙasar Amurka, akwai wani ƙaramin zane na fentin mai wanda tsawonsa ya kusa santimita 50, faɗinsa kuwa wajen santimita 40. Wani Bajamushe mai suna John Lewis Krimmel ne ya yi shi a shekarar 1811, shekara biyu bayan saukarsa Amurka. Sunan zanen da Ingilishi shi ne Pepper-Pot: A Scene in the Philadelphia Market, watau "Tukunyar barkono: wani abin gani a kasuwar Filadalfiya". Abin da ke cikinsa kuwa wata baƙar mace ce zaune tana zuba wa masu saye miya.

Wannan maƙala tana bin sawun zanen tun daga ranar da aka fara rataye shi gaban jama'a har zuwa shigarsa gidan kallo. Manufarta ita ce a nuna cewa fentin da ke jikin ƙyallen yana nan yadda mai shi ya bar shi, amma abin da masu kallo suke gani a cikinsa ya yi ta sauyawa, kuma kalmomin da aka jingina masa su ne suka ja ragamar wannan sauyi. Batun ya shafi masu nazarin harshe da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin su ma kullum aikinsu ke nan: ajiye kalma ƙarƙashin hoto.

2. Mai zanen da garin da ya sauka

An haifi Krimmel a garin Ebingen na ƙasar Württemberg, a kudancin Jamus ta yau, a shekarar 1786. Sunansa na yanka Johann Ludwig, ya mayar da shi John Lewis bayan ya ƙetare teku. Ya iso Filadalfiya a 1809 da niyyar taya wansa harkar kasuwanci, amma bai daɗe ba ya bar lissafin kanti ya kama zane. Rayuwarsa ba ta yi tsawo ba. Ya nutse a ruwa yana iyo kusa da Germantown, a gefen birnin, a watan Yuli na 1821, yana da shekara 35. Duk abin da ya bari aikin shekara goma sha biyu ne.

Birnin da ya tarar shi ne ya riƙe matsayin babban birnin Amurka daga 1790 zuwa 1800. Jihar Fensilbaniya ta kafa dokar kashe bauta sannu a hankali tun 1780. Dokar ba ta ƴanta waɗanda ke cikin bauta a lokacin ba, ƴaƴan da za su haifa ta yi wa alkawarin ƴanci bayan sun yi hidima har shekara 28. Duk da haka, zuwa 1810 baƙaƙen fatan birnin sun kusa 10,000, kuma kusan dukansu ƴantattu ne. Suna da ƙungiyar taimakon juna da Richard Allen da Absalom Jones suka kafa a 1787, suna da majami'unsu. Wasu sun zo daga jihohin kudu, wasu daga tsibiran Karibiyan, musamman bayan tawayen bayi da ya tashi a Saint-Domingue a 1791. Yawancinsu aikin ƙarfi da aikatau suke yi, mata da dama kuma suna sayar da abinci a titi da cikin rumfunan kasuwa. Babbar kasuwar garin tana tsakiyar titin High, wanda daga baya aka mayar da sunansa titin Kasuwa, kuma an rushe rumfunanta wajen 1859.

3. Abin da ke cikin zanen

Mai miya tana zaune kusa da babbar tukunyarta, ba takalmi a ƙafarta, tana ɗibar miya da ludayi. Kewaye da ita akwai masu saye, farare: wani dogon mutum a tsaye, wani tsoho a zaune yana shan rabonsa, wata mace ta durƙusa tana ba ƙaramin yaro a baki, sai wasu mata biyu masu kyakkyawar sutura da kwandon cefane. Akwai kuma kare yana jiran abin da zai faɗo.

Ƙarfin zanen yana cikin tsarinsa. Krimmel ya tara mutanen da shekarunsu da arzikinsu suka bambanta a wuri guda ƙunci, ya sa tukunya ta zama cibiyar da ta haɗa su. Duk wanda ke cikin hoton, dalilin tsayuwarsa a wurin yana hannun macen nan. Tsoho da yaro suna shan abu guda, mai hali da marar hali sun tsaya bakin tukunya guda. Haske da launi ba su da hayaniya, kuma ya lura da ƙananan abubuwa irin su kwando da kwanuka da lanƙwasar tufafi, kamar yadda masu zanen Holan na ƙarni na 17 suka saba yi.

Rauninsa kuma a fili yake, domin hannun mai koyo ne. Jikin wasu mutanen ya yi sandarewa, tsawon wasu bai daidaita da na maƙwabtansu ba, kuma kowa kamar an ɗauko shi daga takarda dabam aka jera. Wanda ya kwatanta wannan da zanen ranar zaɓe da Krimmel ya yi a 1815, inda taron jama'a ke motsi kamar jiki guda, zai ga nisan da ya yi cikin shekara huɗu. Akwai wani rauni da ya fi wannan nauyi. Mutanen cikin hoton ire-iren mutane ne: tsoho, uwa, budurwa, baƙauye, mai talla. Irin wannan zane bai damu da wane ne wane ba, ya damu da wane iri ne. Wannan hali ya shafi kowa a hoton, amma ya fi yi wa mai miya illa, domin ita kaɗai ce baƙa, saboda haka aka ɗora mata wakilcin al'umma guda.

4. Nunin 1811

An kafa makarantar fasahar zane ta Fensilbaniya a 1805, aka kafa ƙungiyar masu zane a birnin a 1810. A watan Mayu na 1811 su biyun suka haɗa gwiwa suka buɗe nuninsu na farko na shekara-shekara, kuma a nan zanen Krimmel ya fara fita gaban jama'a. Shi ne zanensa na fentin mai na farko da aka nuna.

Ana bukatar sanin ma'aunin wancan zamani kafin a gane matsayin da aka ba shi. Tun ƙarni na 17 makarantar zane ta sarkin Faransa ta jera nau'o'in zane hawa-hawa, kamar yadda André Félibien ya rubuta. Zanen tarihi da na addini yana bisa, sai hoton manyan mutane, sauran nau'o'in suna biye a ƙasa. Masu kuɗin Filadalfiya sun gaji wannan ma'auni. Abin da suke biya a yi musu shi ne hoton fuskarsu, abin da suke girmamawa kuma shi ne zanen yaƙi da na Littafi Mai Tsarki. A cikin wannan watan ne magini Benjamin Latrobe ya yi wa ƙungiyar jawabi yana fatan birnin ya zama Atina ta sabuwar duniya. Mai tallan miya ba ta cikin wannan mafarki.

Saboda haka masu kallon 1811 sun karanta zanen a matsayin abin nishaɗi, wani ɗan yanki na titin da suka sani. Sunan miyar kaɗai ya isa ya tuna musu da kiran talla da suke ji kullum. A 1810, shekara guda kafin nunin, an buga wani ɗan littafin yara a Filadalfiya mai ɗauke da kiraye-kirayen ƴan tallan birnin da hotunansu, kuma mai wannan miya tana ciki, da kiranta mai amsa-amo da ke shelar cewa miya da zafinta. Mutumin garin da ya karanta sunan zanen, kunnensa ne ya cika masa abin da ƙyallen bai iya faɗa ba. Mai kallon yau ya rasa wannan murya, sai rubutun kawai ya rage masa.

Krimmel ya ci gaba da nuna ayyukansa a nune-nunen da suka biyo baya, ciki har da zanen bikin 4 ga Yuli a dandalin tsakiyar birnin a 1812. Ya karkata ga salon David Wilkie na Sikotlan da William Hogarth na Ingila, kuma a yau ana lissafa shi farkon mai zanen zaman yau da kullum a Amurka. William Dunlap ya ba shi gurbi a littafinsa na tarihin fasahar zane a Amurka na 1834. Amma irin wannan zane bai yi kasuwa sosai ba sai bayan mutuwarsa, a zamanin William Sidney Mount da George Caleb Bingham.

5. Sunan zanen ta fuskar nahawu

A wata maƙala da ya buga a 1964, Roland Barthes ya yi bayanin cewa hoto yana ɗauke da ma'anoni da yawa masu yawo, rubutun da aka sa masa shi ke tsayar da mai kallo a kan guda. Da Hausa ana iya cewa rubutu turke ne: dabba tana kiwo iyakar tsawon igiyarta, ido ma yana kiwo a hoto iyakar inda rubutu ya bar shi.

Sunan zanen Krimmel yana da kashi biyu. Kashin farko harɗaɗɗen suna ne, barkono da tukunya, wanda a Ingilishi yake nufin mazubin da kuma abin da ke cikinsa. Kashi na biyu ya ambaci wuri, watau kasuwa da birni. Babu kalma guda da ta ambaci mutum. An kafa turken a kan abinci da wuri, macen da ta dafa, ta ɗauko, ta kasa, ta zama ɗaya daga cikin kayan wurin.

Mai fassara sunan zuwa Hausa zai ci karo da zaɓin da Ingilishi ya ɓoye. Kalmar da ta fi kusa da miyar ita ce "farfesu", wadda ita kanta aro ce daga kalmomin Ingilishi masu nufin miyar barkono, Hausa ta mayar da sautin p zuwa f kamar yadda ta saba. To, ko a ce "Farfesu", ko "Tukunyar farfesu", ko "Mai farfesu". Na farko ya kafa ido a kan ci, na biyu a kan mazubi, na uku a kan mutum. Bahaushen da aka nuna wa hoton ba tare da rubutu ba, mai yiwuwa na uku zai faɗa, domin haka harshen yake kiran masu sana'a: mai fura, mai ƙosai, mai tuwo. Kalmar "mai" tana yin aiki biyu a lokaci guda, tana nuna akwai mutum, tana kuma ba shi mallakar abin.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin fifikon wani harshe a kan wani ba. "Mai farfesu" ma bai faɗi sunan macen ba, bai ma nuna mace ce ko namiji ba, kuma a kasuwa mai saye kan ƙwala kira da sunan kaya tsura idan yana sauri. Abin lura kawai shi ne kowane harshe yana da inda yake saurin kafa turke, kuma mai fassara da bai san wannan ba zai kafa shi inda harshen asali ya kafa ba tare da ya yi shawara ba.

Haka alamomin cikin hoton suke. Ƙafa ba takalmi kusa da mata masu ado, a idon mutumin Filadalfiya na 1811, alamar talauci ce da ƙasƙancin matsayi. Zama ƙasa alhali wasu suna tsaye ma haka. A idon wanda ya saba da kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram kuwa, wadda ke zaune gaban tukunya ita ce mai wurin, na tsaye su ne masu jira, kuma tuɓe takalmi a wurin sana'a ba ya nuna komai. Hoto guda, karatu biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

6. Yadda miya ta rabu da mai ita

Miyar da ake magana a kanta ana yin ta da tumbi da barkono da kayan lambu. Masana tarihin abinci suna danganta asalinta da girkin Afirka ta Yamma wanda ya bi ta tsibiran Karibiyan, inda har yau ake dafa ire-irenta da wannan suna. Amma labarin da ya bazu a Amurka dabam ne. An ce wai a hunturun 1777 zuwa 1778, lokacin da sojojin George Washington ke fama da yunwa a Valley Forge, wani mai dafa musu abinci ya haɗa tumbi da barkono ya ƙirƙiro miyar ya ceci rundunar. Masana ba su ɗauki wannan a matsayin tarihi ba, almara ce. Amfaninta shi ne ta ba miyar uba soja a madadin uwayenta ƴan talla.

Daga nan kamfanin Campbell, wanda ke garin Camden a tsallaken kogi daga Filadalfiya, ya sa miyar a gwangwani ya yi ta sayarwa fiye da shekara ɗari, kafin ya daina wajen 2010. A 1962 Andy Warhol ya zana gwangwanayen miyar kamfanin guda 32, ya nuna su a Los Angeles, kuma ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wannan suna. A shekarar 2006 an sayar da wani ƙaramin zanensa na gwangwanin wannan miya, mai yagaggiyar takarda, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 11.

Idan aka jera zanen 1811 da na 1962, za a ga tafiyar kalma guda cikin shekara 151. A na farko sunan ya tsallake macen, amma tana nan a ƙyallen. A na biyu sunan kaɗai ya rage, a rubuce jikin gwangwani, ba tukunya, ba kasuwa, ba hannun da ya dafa. Abin da sunan farko ya soma, gwangwani ya ƙarasa.

Shi kansa Krimmel bai tsira daga irin wannan ba. Wani jami'in jakadancin Rasha mai suna Pavel Svinin, wanda ya zauna Filadalfiya daga 1811 zuwa 1813, ya koma gida da tarin zane-zanen fentin ruwa na rayuwar Amurka, aka daɗe ana ɗaukar su duka aikin hannunsa. Tarin ya shiga gidan kallon Metropolitan na New York a 1942, kuma yanzu masana suna danganta wasu daga cikinsu ga Krimmel. A cikinsu akwai na baƙaƙen fata masu tsaga itace gaban wani banki. Wanda bai rubuta sunan mai miya ba, shi ma an yi shekaru ana kallon aikinsa da sunan wani.

7. Dawowar mai miya

A ƙarshen ƙarni na 20 abubuwa uku suka sake kafa turken. Na farko, an yi nazarin Krimmel da kansa: Milo Naeve ya fitar da littafi a kansa a 1987, Anneliese Harding ta fitar da nata a 1994, kuma littattafan zane-zanensa na gwaji suna ajiye a Winterthur. Na biyu, an soma tambayar yadda masu zanen Amurka suka siffanta baƙar fata. Nunin da Guy McElroy ya shirya a gidan kallon Corcoran na Washington a 1990 ya bi wannan tambaya daga 1710 zuwa 1940. Ta wannan fuska Krimmel bai fita da tsabta ba, domin a zanensa na 1813 na shagalin ɗinkin bargo ya yi wa baƙin mai goge da yarinya mai hidima fuskokin ba'a, irin waɗanda suka zama ruwan dare daga baya. Na uku, tarihin abinci ya zama fannin bincike, kuma littafin Jessica B. Harris na 2011 a kan girkin baƙaƙen Amurka, wanda aka mayar fim a 2021, ya kai labarin masu dafa abinci irin wannan mace ga jama'a masu yawa.

A tsakiyar wannan sauyi zanen ya fito daga hannun wani iyali ya shiga gidan kallon Filadalfiya a 2001, kyauta, a shekarar da gidan ya cika shekara 125 da kafuwa. Daga 1811 zuwa 2001 shekara 190 ke nan. Ya shiga nunin farko a matsayin abin murmushi, ya shiga gidan kallo a matsayin shaidar tarihi. Yau idan aka buga shi a littafi, galibi saboda macen ake bugawa.

Wannan sabon karatu ya fi tsohon adalci, amma shi ma yana da tarkonsa. Akwai masu son mayar da hoton hujjar cewa Filadalfiya gari ne na zaman daidaito, tunda fari da baƙi sun taru bakin tukunya guda. Tarihi bai goyi bayan haka ba: a 1838 jihar ta sake tsarin mulkinta ta hana baƙaƙen maza jefa ƙuri'a. Cin abincin mutum dabam, yarda da shi dabam. Akwai kuma masu ɗora wa macen labarin nasara da arziki wanda ƙyallen bai nuna ba. Abin da ƙyallen ya nuna shi ne mace mai sana'a, ba takalmi, mutane suna bukatar abin hannunta. Rubutu nagari shi ne wanda ya tsaya nan.

8. Kammalawa

Hukuncin da ya dace da zanen shi ne: aikin mafari ne mai kaifin ido. Darajarsa ba ta cikin gwanintar hannu. Tana cikin cewa baƙo ya ga abin da ƴan gari suka saba da shi har suka daina gani, ya ga ya isa a kashe masa fenti. Laifinsa kuma shi ne ya kalli macen kallon da ake yi wa kayan kasuwa, sunan da zanen ke ɗauke da shi ya tabbatar da haka.

Darasin da ke ciki ga masu tsara littattafan koyon karatu a bayyane yake. An daɗe ana ɗauka cewa hoto yana magana da kansa, har ga wanda bai iya karatu ba, shi ya sa ake sa shi a shafin farko a rubuta kalma guda ƙarƙashinsa. Tarihin wannan zane ya nuna cewa kalmar ita ke zaɓa wa ido abin gani. Idan aka zana mace tana daka aka rubuta "turmi", an koyar da haruffa biyar, an kuma koyar da cewa turmin ne abin ambato. Mai koyon da ya kalli hoton ya ce "mai daka" bai yi kuskure ba, ko da malami ya gyara masa. Ya kamata, kafin a buga kowane shafi, a nuna hoton tsura ga irin mutanen da aka yi littafin dominsu, a saurari sunan da za su ba shi, sa'an nan a kwatanta da wanda aka yi niyyar rubutawa. Inda biyun suka saɓa, ko hoton ne za a sake, ko kalmar.